Yadda za ka kai ƴan lekol taron marubuta ba tare da sun gudu sun bar ka da kujeru ba

Karo na farko da na kai ɗalibaina taron marubuta wallahi kunya na sha. Ƴan katiriyem ne da turwaziyem, wato azuzuwa biyu na ƙarshe a kolej, su wajen arba'in, munka isa tun takwas da rabi anka zaunar da su can baya cikin rumfa inda rana ke shigowa ta gefe, anka ce a jira manyan baƙi. Manyan baƙi ba su iso ba sai sha ɗaya saura. Daga nan jawabin maraba, jawabin godiya, jawabin wakilin wane, kowa ya hau sai ya gaida kowa da sunanshi da muƙaminshi da Faransanci, lasifika na ƙugi tana ɗaukewa, kafin marubuci ko guda ya buɗe baki rabin yarana sun zame ɗaya bayan ɗaya da sunan za su fitsari. Can na iske su bakin titi wajen mai awara sun haɗa kai kan waya guda suna dariya. Na yi musu faɗa ranar, amma da na koma gida na zauna sai na ga ni ya kamata a yi ma faɗan, don na kwashi yara na kai su wajen mutanen da ba su taɓa karanta ko layi guda nasu ba, na ce su zauna awa uku su yi shiru.

To ga yadda nake yi yanzu, ko wani mushe ko madam zai amfana, ko ma uba da ke son kai ɗiyanshi.

Aikin na farawa sati biyu kafin taron, cikin kilas. Ka fara da tambayar su abin da suke karantawa, kuma kada ka ɓata fuska in ka ji amsar. Mazan za su ce maka ba su karatu in ba na dabuwar ba, ƴan matan kuma in sun yarda da kai za su gaya maka suna bin littattafan Hausa a WhatsApp da wayar yayarsu ko ta inna, wasu na saurare a YouTube ana karanta musu suna wanke-wanke, wata ma ta haddace sunayen marubuta mata na Kano sun fi goma. Mu malamai mun saba raina wannan karatun, muna cewa ai soyayya ce kawai. Ni dai na daina. Yarinyar da ke jiran kashi na talatin da bakwai na labari har ta hana kanta barci ta riga ta san daɗin labari, aikinka ka nuna mata akwai wasu ƙofofin.

Sai ka nemi masu shirya taron su gaya maka waɗanne marubuta za su zo, ka zaɓi guda ko biyu, ka samo wani ɗan guntun rubutunsu, shafi biyu ko uku, kada ya wuce haka. Ka yi hotokwafi, ko takarda guda ga mutum uku ta isa. Ka karanta musu da babbar murya da kanka, da sauya murya da komai, kada ka ji kunya. Ga dabarar da ta fi yi mini aiki: ka tsaya daidai inda labarin ya ɗau zafi, ka ninke takardar ka sa aljihu. Za su yi ca, Mushe ƙarasa mana, Mushe mi ya faru, kai kuma ka ce ban sani ba, mai labarin na zuwa ran Asabar ku tambaye shi. Ka bar su su yi gardama kan yadda zai ƙare, kowa ya rubuta nashi hasashen cikin kaye. Yaron da ya yi musu da abokinshi kan ƙarshen labari ba sai ka ja shi zuwa taro ba, shi zai riga ka isa.

Maganar wa za a tahi da shi. Kada ka ɗauki na ɗaya zuwa na goma na kilas kawai, wanga kuskure ne da kusan kowa ke yi don a burge baƙi. Wanda ke zaune bencin baya yana ba mutane dariya, wanda in ya fara ba da labarin kokowa ko na wasan ƙwallo a fada kowa ke yin tsit, shi ne ma ya fi cancanta ko da not ɗinshi na Faransanci abin tausayi ne. Kuma kada ku wuce ashirin ga malami guda. Arba'in ɗin da na kwasa karon farko ko kiwon su ban iya ba balle in san wa ya ji wa bai ji ba.

Iyaye kuma, musamman na ƴan mata, nan Maradi ka san yadda abin yake. Takarda daga dirakta da tambarin lekol, a rubuta wuri da lokacin tahiya da lokacin komowa, kuma in da hali ka kira uban ko ka aika madam ta yi ma uwar bayani da baki, don da yawa in sun ji taro sai su zaci kiɗa ne da rawa. Dole a samu malama mace cikin tahiyar. Ku komo kafin la'asar sakaliya saboda masu zuwa islamiyya, in ka mayar da ɗiyar mutane bayan magariba sau guda to ka rufe ma kanka ƙofa har da na baɗi. Kada ka ɗora yara kan kabu-kabu kowa ya kama gabanshi, ku haɗu a lekol ku tahi tare, da ƙafa in kusa ne, in da nisa a yi shatar adaidaita. Ruwa kuwa ka saye shi da kanka tun daga gida, kada ka dogara da cewa an ce za a raba. In taron ya faɗo cikin Afrilu ko Mayu lokacin da garin ke tafasa, ka roƙa a ba ku safiya. Ƴan turwaziyem kuma in jarrabawarsu ta BEPC ta matso ka ƙyale su, hankalinsu ba ya wurin, ka tahi da ƴan katiriyem da sagon.

Yanzu marubucin. Nan ne mutane ke jin nauyi, ni ma da ina ji, amma ka daure ka kira shi ko ka je ka gaishe shi kafin ranar, ka gaya mishi a fili da ladabi: Malam yaran nan shekara sha huɗu zuwa sha bakwai ne, don Allah ba jawabi, ba tarihin adabi tun daga farko. Karatu minti goma, sauran hira. Kuma ka roƙe shi abu guda, ya zo da daftarinshi, wato kayen da ya fara rubutun a ciki, mai gogewa da karce da kibiyoyi, in a waya yake rubutu to ya nuna musu wayar. Ban san abin da ya kai wanga tasiri ba. Yaranmu sun tashi suna ganin littafi awa wani abu da ya sauko daga sama a gyare, a ɗaure, da Faransanci marar kuskure, su kuma duk abin da sunka rubuta jan bik ke bin shi. Ranar da wata marubuciya ta miƙa musu kayenta yana yawo hannu-hannu, wani yaro ya ɗago ya ce Mushe ashe ita ma tana kuskure, shafi guda ta soke shi gaba ɗaya! Ta yi dariya ta ce ɗana wannan shafin sau biyar na sake shi, kuma har yau bai yi mini ba.

In kana da ta cewa kan waɗanda za a haɗa ku da su, ka nemi a samu mace, ka nemi a samu matashi wanda bai girme su da nisa ba ko da a intanet kaɗai yake sakin labarinshi, sannan ka nemi tsoho ko tsohuwa mai gatana. Harshe kuma ka bar shi sake. Tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki, amma har yanzu in anka shiga zauren taro sai ka ga kowa ya ɗaure wuya yana Faransanci, yara kuma su yi gum don tsoron kada su karya a yi musu dariya. Ka faɗa tun farko da bakinka cewa wanda ke son tambaya da Hausa ya yi, wanda ke son Faransanci ya yi, wanda zai gauraya ya gauraya.

Ranar taron kada ku shiga bikin buɗewa. Na san za a ce maka a kawo yara su cika kujeru don hoto, ka ba da haƙuri. Ku iso bayan manya sun gama sun tahi, ka nemi ɗaki guda ko inuwar bedi, a shimfiɗa tabarmi ko a jera benci a zagaye, marubucin ya zauna cikinsu, ba can saman dandamali bayan tebur mai ƙyalle da robar ruwa ba. Lasifika ma ba ku buƙata in kun kai ashirin kawai, kuma kun huta da fargabar ɗaukewar wuta.

Ku fara da gatana. Ƴan shekara sha biyar za su yamutsa fuska, wai su sun girma, gatana ta ƙananan yara ce, wani ma zai ce Mushe ai an ce in an yi ta da rana ɓata ake yi. Ka ƙyale su. Na ga wata tsohuwa, ba ta taɓa shiga lekol ba, ta zauna kan kujera ƴar tsugune ta gyara lulluɓi ta ce gatanan gatananku, amsar ta fito a sanyaye daga mutum uku, ta ce a'a ban ji ba, ku ba ku ci tuwo ba jiya? ta sake, sunka amsa da ƙarfi suna dariya. Ta ɗauko Gizo da Ƙoƙi, tana yin maganar Gizo da tsamin bakin nan nashi, in ta zo wurin waƙa sai ta tsaya sai sun amsa mata. Wani dogon yaro da ya zauna baya ya harɗe hannu yana nuna shi bai damu ba, ina kallon shi, kafin ta kai ƙurunƙus ya matso har gwiwarshi na taɓa tabarmarta. Da ta gama na tambaye su abu guda kawai, a ina ne kunka fi matsuwa ku ji abin da zai biyo baya, kuma mi ta yi a wurin? Sunka ce ta yi shiru, ta sha ruwa, ta bar mu rataye. Na ce to ku riƙe wannan, yanzu ku saurari mai littafi ku gani ko shi ma yana yin haka a takarda.

Daga nan hanyar shiga rubutu ta buɗe da kanta, kuma nan nake ɗan saka musu tarihi kaɗan, minti uku ba fi ba. Ina gaya musu cewa a 1933 anka yi gasar rubuta labarai da Hausa a Zariya, kuma cikin waɗanda sunka yi nasara akwai Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, lokacin yana malamin makaranta a Katsina, shekarunshi ashirin da biyu. Katsina fa, nan bayan Dan Isa da Jibiya, inda iyayen wasunsu ke zuwa kasuwa su komo a yini guda. Shekara ashirin da biyun nan ita ke kama su, sai ka ga suna lissafi da yatsu, wato yayana ma ya girme shi. Haka in ana maganar yadda marubuci ke ɗaukar abin da ya faru ya mai da shi labari, ina kawo Abdoulaye Mamani da ya fitar da littafinshi kan Sarauniya Mangu ta Lugu a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1987. Sunan Sarauniya duk sun san shi, amma kaɗan ne sunka san cewa ayarin sojan Faransa da ta yi yaƙi da shi a 1899, na Voulet da Chanoine, a yankinmu ya wargaje, wajen Maijirgi kusa da Tasawa. In akwai ɗan Tasawa cikin kilas sai ka ga ya gyara zama. Kada dai ka zarce, kai ba kai ne baƙon ba, malami in ya samu dama sai ya cinye lokacin kowa, ni kaina sai da wata madam ta taka mini ƙafa wata rana.

Lokacin tambayoyi shi ne ke mutuwa in ba ka shirya mishi ba. Ka ce wa ke da tambaya, shiru, kowa na kallon ƙasa, sai wani zaƙaƙuri guda ya tashi ya karanto tambayar da ya haddace wadda ko shi bai damu da amsarta ba. Maganin shi ne tun a kilas kowa ya rubuta tambaya guda a guntuwar takarda ba suna, ka zuba cikin hula ko kwano, marubucin ya riƙa jawowa. Biyu uku in anka amsa, bakinsu zai buɗe. Kuma kada ka tace tambayoyin. Za a tambayi nawa kake samu, tabbas za a tambaya, mu ƴan Maradi ne, yaro tun yana goye yake jin lissafin riba. Karon farko da wani ya yi wannan tambayar na zabura zan tsawata mishi, marubucin ya ɗaga mini hannu ya ce bar shi Mushe, tambaya ce mai kyau. Ya gaya musu gaskiya, cewa da albashinshi ya buga littafin, cewa kwali biyu na nan ƙarƙashin gadonshi ba a saye ba, matarshi na mishi tsiya kullum. Sunka fashe da dariya, daga nan fa hira ta ɓarke, wata ta tambaye shi ko mutanen cikin labarin na gaske ne, ko maƙwabtanshi sun gane kansu, wani ya ce mi ya sa ka kashe wane, ai bai kamata ya mutu ba, har gardama ta kaure tsakaninsu, yaro ɗan sagon na gaya ma mai littafi cewa ƙarshen bai yi ba. Ni ina gefe ina jin daɗi.

Kada ku tashi ba su rubuta komai ba. Minti ashirin ya isa. Kowa da kaye da bik, marubucin ya ba su jimlar farko guda, kowa ya ci gaba. Jimlar ta zama ta gida, misali ranar da wuta ta ɗauke a gidan biki, ko abin da na tsinta cikin adaidaita, ko ranar da gulbi ya kawo ruwa. Ka ce musu ba not, ba jan bik, ba wanda zai duba kuskure, da Hausa ko Faransanci, wanda ya fi sakewa da ajami ma ya yi da ajami, akwai yaran da hannunsu ya fi gudu a can saboda makarantar allo. Za su tambaye ka yadda ake rubuta wasu haruffa, don littattafan Kano na sa 'y mu kuma nan ƴ mai ƙugiya anka koya muna, ka ce su rubuta yadda ya zo musu, gyara na baya ne. In lokaci ya cika kada ka nuna kowa da yatsa, wanda ya so ya karanta. Ka roƙi marubucin tun farko cewa duk wanda ya karanta, ya ɗauko abu guda takamaimai da ya burge shi ya faɗa, kalma ce ko wani hoto, ba ya ce madalla kawai ba. Yaro na gane yabon da anka yi don a sallame shi.

Aikin gida da nake ba su daga nan guda ne, kowa ya je wajen kaka ko wani tsoho na unguwa ya samo labari guda ya rubuto. Masu zama Bagalam da Mokoyo da Maradawa sukan komo da labarin ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari a fadama har anka hauro tudu, kowa da yadda anka gaya ma kakarshi, kuma ba guda biyu da ke daidai, wannan kaɗai ya ishe ku darasin sati.

Littafi kuma yawancin yara ba su iya saye, kada ka bar su tsaye gaban teburin saidawa suna shafawa suna ajiyewa, abin na da ciwo. Ku yi karo-karo tun a kilas, mai dala biyar mai dala goma, kai ka cika da jaka guda ko biyu daga aljihunka, ku sayi biyu ko uku na kilas gaba ɗaya, marubucin ya sa hannu ya rubuta sunan kilas ɗin. Ka ba ɗalibi guda riƙon kayen aro, mai ɗauka ya rubuta suna, kwana uku ya maido. Zai komo da tabon miya da kunnen shafi a lanƙwashe, wani ma bangon ya fita, ka sa salatif ka ƙyale. In kana da ƙarfin hali ka ware yammacin Laraba sau biyu a wata ku riƙa karatu tare, in ba ka iyawa kada ka yi musu alkawari.

Sai ƙirga kai, kafin ku tashi daga lekol da kuma kafin ku baro wurin taro, da suna ba da ido ba. Bara na ƙirga sha tara maimakon ashirin, gabana ya faɗi, adaidaita biyu na jira direbobi na ta oda, madam ta duba ban-ɗaki ni na zagaya baya. Dogon yaron nan ne, na iske shi tsugune gaban tsohuwar tana ɗaure goro a bakin zane, yana ce mata Inna don Allah wadda kika ce ta Botorami, ko rabi ce ki fara mini.